Mece ce bamfaya, kuma me likitan binciken gawa yake gani a kabarinta?

Wanda ke karanta ƙagaggun labaran ban tsoro da Turawa ke rubuta wa matasa, irin waɗanda ake kira gotik, ba zai rasa cin karo da kalmar bamfaya ba. Wasu daga cikin labaran kan haɗa ta da ɗalibai masu koyon binciken gawa, kuma haɗin ya dace, domin camfin nan a bakin kabari aka haife shi.

A camfin mutanen Gabashin Turai, bamfaya gawa ce da ake zaton tana fitowa daga kabari da dare ta sha jinin masu rai, galibi danginta da maƙwabta. Ba fatalwa ba ce, domin da gangar jikinta take zuwa. Ba maye ba ce kuma, tunda shi maye rayayye ne. Attajirin nan mai dogayen fiƙoƙi da baƙar alkyabba aikin marubuta da masu fim ne na baya-bayan nan, musamman bayan fitowar littafin Dracula na Bram Stoker a 1897. Ta asali manomi ce da ya rasu a ƙauye.

Kalmar ta bazu ne bayan 1718, lokacin da Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya. Jami'anta suka tarar mutanen ƙauyuka na tone kaburbura suna caka wa gawa icce mai tsini a ƙirji. A farkon 1732 wani likitan soja, Johann Flückinger, ya rubuta rahoto kan ƙauyen Medveđa. A ciki akwai labarin wani mutum da aka tono kwana 40 bayan rasuwarsa: jini a baki da hanci, fata da farata kamar sababbi, da aka caka masa icce kuma ya yi nishi. Akwai wata tsohuwa da aka sani da rama, aka same ta ta yi ɓul-ɓul.

Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba. Sun ga abin da suka faɗa, fassarar ce ta kuskure.

Bayan mutuwa, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji kan fara cin jiki daga ciki, suna fitar da iska mai wari. Iskar ce ke kumbura ciki da fuska, har ramamme ya zama kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Ita ce kuma ke matse huhu da tumbi, ta turo wani ruwa ja mai duhu ta baki da hanci. Ruwan ruɓa ne gauraye da jini, amma wanda ya buɗe akwatin gawa a tsorace zai rantse jinin wani aka sha. Nishin ma daga nan yake: idan aka danna ƙirjin da ya cika da iska, sai ta bi ta maƙogwaro ta fita da sauti.

Gashi da farce ba sa tsiro bayan mutuwa. Fata ce ke bushewa ta ja da baya, sai farata su zama kamar sun ƙara tsawo, gemu ya fito fili. Fatar sama kuma kan saɓule, ta ƙasa ta bayyana sumul, abin da suka kira sabuwar fata ke nan. Haka batun laushin gaɓoɓin gawar da aka tono, wanda shi ma ya ruɗa su. Gawa kan fara sandarewa cikin awa 2 zuwa 6, ta ƙage gaba ɗaya wajen awa 12, sannan ta saki bayan awa 36 zuwa 48. Gawar da ta kwana 40 dole a same ta da laushi.

To me ya sa ba ta ruɓe ba? Akwai tsohon ƙiyasi da ake kira dokar Casper: ruɓewar mako 1 a sarari daidai take da ta mako 2 a ruwa, ko mako 8 a cikin ƙasa. Sanyi kuma na rage aikin bakteriya sosai. A 1892, a garin Exeter na jihar Rhode Island a Amurka, an tono Mercy Brown, wadda ta rasu a tsakiyar hunturu, aka ga jikinta bai lalace ba, aka ƙona zuciyarta. Tarin fuka ne ke cin gidansu ɗaya bayan ɗaya, cutar da Robert Koch ya gano ƙwayarta tun 1882. Abin tausayi shi ne yayanta da aka yi hakan don a cece shi bai daɗe ba ya bi ta.

Shi ya sa a irin waɗancan labaran gotik, ɗalibin binciken gawa da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan huda biyu a wuya da ake cewa cizon bamfaya ne. Babban mutum na da jini kusan lita 5, kuma ba a zuƙe shi ta ƙananan ramuka biyu ba tare da an samu babbar jijiya ba. Ɗalibin zai juya gawar ya duba bayanta, inda jini ke kwanciya ya yi shuɗi-shuɗi, ya kafe cikin awa 8 zuwa 12. Idan da gaske jini ya zuba, launin zai yi fari-fari, hanta da ƙoda su koɗe. Sannan zai duba gefen raunin: in akwai kumburi da jinin da ya shiga tsoka, mutumin na da rai aka huda shi. In babu, bayan mutuwa aka yi, wataƙila don a ɗora wa camfi laifin da mutum ya aikata.