Takardar fili daga ƙaramar hukuma: ina ƙarfinta ya tsaya?

An daɗe ana cewa a Bauchi da Gombe, muddin kana riƙe da takardar ƙaramar hukuma da sa hannun mai unguwa, fili ya zama naka ko a ina yake, sai ka zuba bulo kawai. Masu wannan fahimta suna da uzuri, domin haka iyaye suka saba mallakar gonaki.

Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba iko gida biyu. Duk filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka. Ƙaramar hukuma kuwa tana ba da haƙƙin zama na gargajiya ne a wajen birni, kuma ko a can ba za ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Abin da ya fi damuna shi ne garuruwanmu suna faɗaɗa. Gonar jiya a bakin gari tana iya shiga iyakar birni, mai ita bai sani ba. Izinin gini ma daban yake, kuma rashinsa ne ke jawo jan fenti a bango.

Kafin ka biya kuɗi, je ofishin filaye na jiha da lambar filin, ka tambaya ko yana cikin birni, ko hanya ko magudanar ruwa ta bi ta kansa, kuma sunan wa ke rajista.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu shirin sayen fili.