Manhajar Sarrafa Kwamfuta: Taƙaddamar Windows da Linux da Hujjojin Sararin Samaniya

Manhajar sarrafa kwamfuta ita ce babbar manhajar da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Ita ke raba lokacin ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin ayyuka, ita ke tsare ma'ajiyar bayanai, ita ke magana da allo da madannai da firinta. Aikinta kamar na sarkin tasha ne: shi ke cewa wace mota ce ke kan lodi, wace ce za ta jira, in kuwa ya rikice, tasha duk ta rikice. Fitattu a cikinsu su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta Apple, da Linux, sai Android da iOS a wayoyin hannu. Gardamar wacce ta fi a cikinsu ta haura shekara 30, kuma binciken sararin samaniya na daga cikin wuraren da kowane ɓangare ke zuwa ɗibar hujja.

Asalin taƙaddamar

Tushen abin yana komawa ga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1969. Microsoft ta fito da MS-DOS a 1981, Apple ta fito da Macintosh a 1984, Windows ta biyo baya a 1985. Waɗannan duka kayan sayarwa ne, kuma rubutun da aka gina su da shi a kulle yake a hannun kamfani. A 1983 Richard Stallman ya kafa shirin GNU a kan aƙidar cewa duk mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da shirin GNU ke nema, wato ɓangaren da ke mu'amala da ƙarfen na'ura kai tsaye, aka kira ta Linux.

Gardamar farko ma a cikin gida aka yi ta. A 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum, mai manhajar Minix, ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne, domin ta tara dukkan manyan ayyuka a zuciya ɗaya maimakon ta rarraba su. Torvalds ya mayar da martani da zafi, kuma har yau masana na komawa ga wannan musayar. Ta waje kuwa ta fi ɗaci. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji saboda sharuɗɗan lasisinta. Shekara 15 bayan haka, a 2016, kamfanin nasa ya shiga Gidauniyar Linux, ya kuma buɗe hanyar gudanar da Linux a cikin Windows.

Magoya bayan Windows suna cewa ita kowa ya iya, ita ofisoshi ke nema, kuma kusan kowace na'ura da aka saya tana aiki da ita ba wahala. Magoya bayan Linux suna cewa kyauta ce, ba ta da nauyi, ƙwayoyin cutar kwamfuta ba su cika damunta ba, kuma ba a ɓoye komai a cikinta ba. Alƙaluma sun raba musu gardama ta wata fuska: a kwamfutocin tebur da na cinya Windows ke riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 a duniya, amma tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita, kuma Android, wadda ta fito a 2008, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017, kowane ɓangare kuma yana kafa hujja da rabin labarin da ya yi masa daɗi.

Yadda abin yake a Sakkwato

A Sakkwato gardamar ta fi ƙarfi a bakin ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A shagunan buga takardu da na masu gyara kuwa, Windows ce ke mulki. Mutum zai shigo da kwamfutarsa ta hannu a cikin jaka, ya ce, «Malam, dubo min wagga, ta cika nauyi.» Mai gyara zai hura ƙurar da ta toshe fankarta, ya kwashe takardun mai ita a filashi, ya goge komai, ya ɗora mata sabuwar Windows, sau da yawa wadda ba a biya kuɗin lasisinta ba. Wannan ya karya hujjar da 'yan Linux suka fi taƙama da ita a Turai, wato araha, domin a nan duka biyun kusan kyauta ake samunsu. Shi kuma mai kwamfutar, wayar Android da ke aljihunsa Linux ce ke motsa ta, ko da bai taɓa jin sunan ba.

Najeriya ta taɓa zama fagen wannan rikici kai tsaye. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutocin makaranta 17,000 ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, sai labari ya fito cewa za a goge ta a ɗora Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa. Yanzu kuma wata matsalar ta taso: Microsoft ta daina tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar kayan ciki da tsofaffin na'urori da yawa ba su da su. Mafi yawan kwamfutocin da ɗalibi zai iya saye a Sakkwato na hannu ne, kuma a nan hujjar Linux take da ƙarfi sosai, domin tana rayar da na'urar da kamfani ya riga ya yafe.

Abin da kumbuna ke ɗauke da shi

Mai jin gardamar zai ɗauka ko dai Windows ko Linux ce ke tuƙa kumbo. Mafi yawan lokaci ba ko ɗaya. Kumbo yana buƙatar manhajar da ke ba da tabbacin cewa aiki kaza zai gudana cikin ƙayyadadden lokaci, ko da wane hali ake ciki. Jinkirin daƙiƙa ɗaya a kwamfutar ofis ɓacin rai ne kawai. A kumbon da ke sauka, asarar kumbon ce.

Kwamfutar Apollo 11, kumbon Amurka da ya fara sauke mutane a kan wata, ita ce misali na farko. Wurin ajiyarta na aiki kalmomi 2,048 ne kacal, wajen kilobait 4, kuma manhajar da ke cikinta saƙa ta aka yi da waya ta cikin ƙananan zobba, yawanci da hannun mata ma'aikata. Ranar 20 ga Yulin 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna gangarawa kan wata, sai ta fara nuna gargaɗi mai lamba 1202: wata na'urar rada tana cinye mata lokaci, aiki ya yi mata yawa. Amma tsarin da Hal Laning ya zana, wanda ayarin Margaret Hamilton a cibiyar MIT ya gina a kai, ya jera ayyuka bisa muhimmanci. Kwamfutar ta zubar da ƙananan, ta riƙe tuƙi da sauka, aka sauka lafiya.

Labarin da ya fi kowane koyarwa shi ne na Mars Pathfinder, wanda ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yulin 1997 ɗauke da VxWorks, manhajar sayarwa ta kamfanin Wind River. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Ga abin da ke faruwa: wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi yakan riƙe makullin hanyar da bayanai ke bi. Babban aikin da ke kula da hanyar sai ya tsaya jiransa. Kafin ƙaramin ya gama ya saki makullin, sai matsakaitan ayyuka su ture shi gefe tunda sun fi shi matsayi. Babba na jiran ƙarami, ƙarami kuma an hana shi motsi. Da agogon tsaro ya ga babban aiki bai kammala a kan lokaci ba, sai ya sake tayar da na'urar gaba ɗaya. Injiniyoyin JPL, cibiyar binciken hukumar sararin samaniyar Amurka (NASA), suka yi ta gwaji da tagwayen kumbon da ke ɗakin bincikensu har matsalar ta bayyana a gabansu, suka aika ɗan gyara ta rediyo wanda ya sa ƙaramin aiki ya ari matsayin babba muddin makulli na hannunsa. Abin da ya ceci tafiyar shi ne an bar kayan bin diddigi a cikin manhajar, kuma akwai mutanen da suka san cikinta ciki da bai. Wannan, a gaskiya, ya fi sunan kamfanin da ke jikin manhajar muhimmanci, kuma shi ne abin da masu gardamar ke yawan tsallakewa.

Motocin binciken Mars, wato Spirit da Opportunity na 2004, da Curiosity ta 2012, da Perseverance da ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021, duk VxWorks suka tafi da ita. Ƙwaƙwalwar Curiosity da Perseverance, RAD750, dangin wadda ke cikin kwamfutar iMac ta 1998 ce, kuma kowace wayar zamani ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. An zaɓe ta ne don tana jure wa hasken nan mai illa da ke yawo a sararin samaniya, wanda kan juya bayanai a cikin na'ura. Saƙo kuma tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar daga kusan minti 4 zuwa sama da minti 20, don haka babu mai gyara da zai kai ɗauki nan take.

Linux ta shiga ne ta wasu ƙofofi. A 2008 an sami ƙwayar cutar kwamfuta mai satar kalmomin sirrin wasanni a wasu kwamfutocin cinya na Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, a 2013 kuma aka sanar da mayar da wasu kwamfutocin tashar daga Windows XP zuwa Debian, wani reshe na Linux. 'Yan Linux suna yawan ambaton wannan, sai dai sukan ƙara masa gishiri: kwamfutocin aikin yau da kullum na 'yan sama jannati ne, ba waɗanda ke riƙe da iska da wutar tashar ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Ingenuity, ɗan jirgi mai saukar ungulu mai nauyin kilo 1.8, wanda ya tashi a Mars ranar 19 ga Afrilun 2021 da Linux a kan ƙwaƙwalwar Snapdragon 801 irin ta wayoyin 2014. Tashi 5 aka tsara masa, ya yi 72 kafin fiffikensa ya lalace a Janairun 2024. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ma Linux ce a cikinta, a kan kwamfutoci uku da ke lissafi ɗaya suna gwada amsoshinsu, ta yadda in ɗaya ta kauce sauran su rinjaye ta. Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya biya kuɗi ya je tashar sararin samaniya a Afrilun 2002, shi ne ya kafa Ubuntu a 2004, reshen Linux da ɗalibai suka fi farawa da shi.

Manyan asarori kuwa ba daga manhajar sarrafawa suka fito ba. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta ranar 4 ga Yunin 1996, saboda an ɗauko rubutun manhajar Ariane 4 ba a gwada shi da saurin sabuwar ba. Kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a 1999 don wani ayari ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da na mita.

Gardama a kan tafiyar kanta

Akwai masu ganin tun farko kuɗin bai cancanci kashewa ba. Ana jajiberin tashin Apollo 11, Ralph Abernathy, ɗan fafutukar haƙƙin baƙar fata a Amurka, ya jagoranci talakawa da alfadarai zuwa bakin filin harba rokar, yana tambayar yadda ƙasa za ta je wata alhali wasu 'ya'yanta na kwana da yunwa. A 1966 hukumar NASA ta ci sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka. Yanzu ba ta kai rabin kashi ɗaya ba. Irin wannan tambayar ana yin ta a Sakkwato, kuma tambaya ce ta gaskiya. Sai dai duban sama ba baƙon abu ba ne a garin: daga fadar Sarkin Musulmi ake sanar da ganin watan azumi da na sallah, manoma kuma sun daɗe suna auna damina da taurari. Hasashen ruwan sama da hotunan ambaliya, irin wadda ta auka wa garuruwan bakin kogin Rima a 2010, daga taurarin ɗan'adam suke zuwa.

Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha a Satumban 2003, kuma kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi. NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 sakamakon lalacewar faifansa na hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da suke samun horo a Surrey. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, tare da Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, ta aika ɗan ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1. Rokar Falcon 9 ce ta kai shi tashar sararin samaniya, daga can aka sake shi, ya yi ta zagaya duniya har zuwa 2019.