Tuba ba tsohon kayan busa ba ne kamar yadda ake zato

Mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe suna ƙaunar sautinta mai zurfi, suna ɗauka cewa tuba, wato babban ƙahon tagulla da mabushi ke rungumewa a ƙirji, ta samo asali tun zamanin Romawa. Sunan ne ya jawo wannan ruɗani, domin a harshen Latin akwai abin da ake kira tuba, amma shi miƙaƙƙen ƙaho ne na yaƙi, wanda ya fi kama da kakakin fada.

Tubar da muka sani a yau an yi mata rajistar ƙirƙira a ƙasar Prussia, tsohuwar masarautar Jamusawa, ranar 12 ga Satumba, 1835, da sunan waɗanda suka ƙirƙiro ta, Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz. Ba za ta yiwu kafin wannan zamani ba, saboda sai a farkon ƙarni na 19 aka ƙirƙiro maɓallan da ke karkatar da iska cikin ƙarin bututu, su sauya sauti. A ganina wannan dabara ce mafi ban sha'awa, domin ita ta bai wa bututun da aka naɗe damar fitar da kowane sauti na ƙasa.