Banjul: Tarihin Siyasa da Sauyin Birnin Tun Daga 1965

Banjul shi ne babban birnin Gambiya, ƙasa mafi ƙanƙanta a Afirka idan aka cire ƙasashen tsibirai. Birnin yana kan wani tsibirin yashi, daidai inda Kogin Gambiya ke shiga Tekun Atilantika. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 12 ne, kuma wani yanki mai yawa fadama ce da ba ta ginuwa. Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1816 a ƙarƙashin Kyaftin Alexander Grant, domin tsare bakin kogin daga jiragen masu fataucin bayi. Sun sa masa suna Bathurst, sunan da ya riƙe har bayan samun mulkin kai a ranar 18 ga Fabrairu 1965. Sai a 1973 gwamnatin Dawda Jawara ta mayar da shi Banjul.

Yawan jama'a

Yayin da manyan biranen Afirka ta Yamma ke batsewa da mutane, Banjul raguwa yake yi. Ƙidayar 1983 ta sami mutum kusan dubu 44, ta 1993 dubu 42, ta 2003 dubu 35, ta 2013 kuwa dubu 31. A daidai wannan lokaci Kanifing, ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da shi, wadda Serekunda da Bakau ke cikinta, ta tashi daga dubu 100 da 'yan kai zuwa fiye da dubu 370.

Dalili na farko shi ne rashin fili. Ruwa ya kewaye birnin, kuma ta kudu da yamma fadamar Tanbi ce, wadda aka sa cikin jerin dausayin duniya masu kariya a 2007. Iyalin da suka yi yawa ba su da inda za su faɗaɗa gida, sai su nemi fili a yankin Kombo, wato garuruwan da ke wajen tsibirin ta kudu maso yamma. Na biyu kasuwanci ne: tsoffin gidajen gado, waɗanda da dama an yi su da kirintin, wato saƙar gora da ake yaɓewa da farar ƙasa, magada kan sayar ko su ba da haya, a rushe a gina ɗakunan ajiyar kaya na masu shigo da shinkafa, sukari da yadi. Shi ya sa da hantsi tituna kan cushe da ma'aikata da manyan motoci, amma bayan magariba gari ya yi tsit, kowa ya koma Kombo.

Hanyar mota ɗaya ce ke shiga birnin, ta kan gadar Denton. Ban da ita sai jirgin fito zuwa Barra da ke tsallaken kogi ta arewa. Wannan gada tana da wurin binciken jami'an tsaro, kuma duk wanda ya riƙe ta ya riƙe ƙofar fadar shugaban ƙasa, da majalisar dokoki, da kotun ƙoli, da babban banki, da tashar jiragen ruwa.

Juyin mulki da zamanin Jammeh

A ranar 30 ga Yuli 1981, Jawara yana Landan wajen bikin auren Yarima Charles, Kukoi Samba Sanyang da wasu daga cikin 'yan sandan ko-ta-kwana suka yi yunƙurin ƙwace mulki. Gambiya ba ta da rundunar soja a lokacin, sojojin Senegal ne suka shigo suka murƙushe su, bayan an rasa ɗaruruwan rayuka. Daga nan aka ƙulla tarayyar Senegambiya a 1982, wadda ta watse a 1989.

Sojojin da aka kafa bayan wancan rikici su ne suka kifar da Jawara a ranar 22 ga Yuli 1994, ba tare da zubar da jini ba. Jagoransu Laftanar Yahya Jammeh yana da shekara 29. Jawara ya fice a wani jirgin yaƙin Amurka da ya zo ziyara tashar Banjul. Shekara biyu bayan haka aka gina Arch 22 a mashigar gari, wata ƙatuwar ƙofa mai tsawon mita 35 da masanin gine-gine ɗan Senegal Pierre Goudiaby ya tsara. Ita ce alamar da aka fi sanin birnin da ita har yanzu.

Manyan abubuwan da suka girgiza mulkin Jammeh galibi a wajen tsibirin suka faru, inda jama'a suke: harbe ɗalibai masu zanga-zanga a Afrilun 2000, kisan ɗan jarida Deyda Hydara a Kanifing a Disambar 2004, da kama ɗan adawa Solo Sandeng a mahaɗar Westfield a Afrilun 2016, wanda ya mutu a hannun hukumar leƙen asiri. Cikin birnin kuwa akwai hedikwatar wannan hukuma, a bakin hanyar shiga kuma gidan yarin Mile 2. A ranar 30 ga Disamba 2014 wasu 'yan Gambiya mazauna waje sun kai hari fadar shugaban ƙasa, masu gadi suka fi ƙarfinsu.

A zaɓen 1 ga Disamba 2016, wanda aka yi da tsarin ƙasar na jefa ɗan dutsen gilashi cikin durom ɗin ɗan takara, Adama Barrow ya sami kashi 43 cikin ɗari, Jammeh kusan 40. Jammeh ya amince da kaye, bayan mako guda ya yi amai ya lashe. Shugabannin ECOWAS, ciki har da Muhammadu Buhari, sun je Banjul sau biyu sasanci ba a dace ba. An rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ranar 19 ga Janairu 2017, dakarun ECOWAS suka tsallaka iyaka, Jammeh ya tafi gudun hijira Equatorial Guinea ranar 21. Hukumar gaskiya da sasantawa ta saurari shaidu kan zamanin Jammeh daga 2019 zuwa 2021, Barrow kuma ya sake cin zaɓe a Disambar 2021.

A matakin birni, Rohey Malick Lowe ta jam'iyyar UDP ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar magajin garin Banjul a 2018, aka sake zaɓenta a 2023. Da Barrow ya raba gari da UDP, tsohuwar jam'iyyarsa, a 2019, sai majalisar birni ta kasance a hannun adawa alhali fadar shugaban ƙasa na cikin yankinta.

Ambaliya da magudanan ruwa

Babbar matsalar Banjul ita ce ruwa. Yawancin birnin bai ɗara teku da fiye da mita ɗaya ko biyu ba, wasu unguwanni ma suna ƙasa da inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika. Tsarin da aka gada tun zamanin Turawa yana da sassa kaɗan: lambatun tituna suna zuba a manyan magudanai, su kuma suna kai ruwa wani kwari a bayan gari, wanda Titin Bund ya tare kamar madatsa tsakaninsa da fadama. A jikin madatsar akwai ƙofofi da injinan tsotse ruwa. Idan teku ta janye, a buɗe ƙofofi ruwa ya fita da kansa. Idan ta cika, dole a rufe, inji kaɗai ke iya fitar da shi.

Nan ne ake samun cikas. Ruwan sama mai ƙarfi da ya haɗu da cikar teku, ga wuta ta ɗauke ko inji ya lalace, to ruwa ba shi da mafita. Yashi da leda suna toshe magudanai, cike sassan kwarin da ƙasa don gine-gine kuma ya rage wurin da ruwa ke taruwa. Bututun bahaya da aka shimfiɗa a shekarun 1980 su ma da inji suke aiki, idan ya tsaya sai ƙazanta ta tumbatso ta gauraya da ruwan titi. A 2019 gwamnati ta ƙaddamar da aikin gyaran tituna da magudanai na kusan dala miliyan 35, aka yi titunan kankare, amma ruwan 30 da 31 ga Yuli 2022, wanda ya kai milimita 276 a filin jirgin sama na Yundum, ya mamaye unguwanni irin su Tobacco Road, ya daɗe bai janye ba. Ta ɓangaren teku kuma zaizaya ta sha cin gaɓa har ta taɓa maƙabartar Musulmi.

Tashar ruwa da ƙaurar ayyuka

Tashar jiragen ruwa, da ke gefen tsohuwar unguwar Half Die, ita ce jijiyar arzikin birnin, domin ta nan yawancin kayan ƙasar ke shigowa, da waɗanda ake wucewa da su Senegal, Mali da Gini. Rashin zurfin ruwa da ƙarancin filin ajiye kwantena sun sa jirage na daɗewa suna jira. A 2024 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da kamfanin Albayrak na Turkiyya don ya gudanar da tashar, ya kuma gina sabuwa mai zurfi a Sanyang, can kudu a gaɓar teku. Gadar Senegambiya da aka buɗe a Farafenni a Janairun 2019 ta ba motocin da ke ratsa ƙasar hanyar tsallake kogi ba tare da jiran fito ba.

Hatta abubuwan da ke ɗauke da sunan birnin ba a cikinsa suke ba. Filin jirgin saman Banjul yana Yundum. Taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da aka kira Taron Banjul, na 4 da 5 ga Mayu 2024, an yi shi ne a zauren taro na Sir Dawda Kairaba Jawara da Sin ta gina a yankin Bijilo, kuma babban aikin hanya da aka yi dominsa, faɗaɗa Titin Bertil Harding, duk a Kombo yake.