Daga Ɗakin Sanyi zuwa Kasuwar Nima: Waiwaye kan Aikin Mai Nazarin Tsarin Kwamfuta

A ma'aikatun da ke aiki da kwamfuta akwai wani mutum da ba a cika jin sunansa ba. Shi ne ke zama da akawu da mai karɓar kuɗi, ya ga yadda suke aiki, sannan ya je ya yi wa masu rubuta manhaja tafinta. Mai nazarin tsari ke nan.

A zamanin manyan kwamfutocin da ake killacewa a ɗaki mai sanyi, aikinsa na takarda ne. Sai ya kwashe watanni yana zana hanyar da bayanai ke bi, ya haɗa kundi mai kauri, a miƙa wa masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na COBOL. Sau da yawa kafin a gama, buƙatar ta riga ta sauya. Gajiya da hakan ce ta kawo salon Agile a 2001: a gina kaɗan, a nuna wa mai abu, a gyara.

A nan Gana, a ganina Yulin 2007 ne ya fito da darajar aikin. Da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1, sai da aka bi manhajar bankuna da ta albashi lungu-lungu, ana neman duk inda aka rubuta kuɗi, ana sake ba pesuwa gurbinta. A shekarar aka kafa GhIPSS, kamfanin Babban Bankin Gana da ke haɗa bankuna wajen biyan kuɗi, katin biyan kuɗi na e-zwich ya zo a 2008, MTN ta kawo Momo, wato tura kuɗi ta waya, a 2009. Zuwa 2018 ana iya tura kuɗi kai tsaye daga wannan layi zuwa wancan.

Daga nan mai amfani da tsarin ya tashi daga akawu mai taye. Yanzu Hajiya ce mai sayar da wake da shinkafa a unguwar Nima ta Accra, da ƙaramar wayarta, tana danna *170#, lambar Momo, da hannun hagu, layin masu saye na jiranta. Wanda bai taɓa tsayawa a gabanta ba, ta yaya zai san matakai nawa za ta iya jurewa? Ga kuma dokar kare bayanai ta 2012, ga 'yan damfara. Dole mai nazarin tsari ya san duka biyun.

Shi ya sa nake takaicin ganin yaranmu na zango sun duƙufa kan rubuta manhaja kaɗai. Yaron da ya tashi a Mamobi yana jin Hausa da Twi da Turanci, ya kuma san yadda ake zubin adashi, ya riga ya riƙe rabin sana'ar tun kafin ya taka cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta Kofi Annan da aka buɗe a Accra a 2003.