Ɗakin Tsira Daga Gobarar Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar Asabar 7 ga Fabrairu, 2009, zafi a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya ya kai digiri 46.4. An shafe shekaru ana fari, daji ya bushe ƙayau, ga iska mai ƙarfi tana busowa daga arewa. Wutar da ta tashi a jihar Biktoriya a wannan rana ta ci rayukan mutum 173, ta cinye gidaje sama da 2,000, har yau kuma mutanen ƙasar Baƙar Asabar suke kiranta. Bayan an yi jana'iza ne jama'a suka yi caa wajen neman ɗakunan ɓuya da za su gina a filin gidajensu, masu sayarwa su ma suka fito da kaya iri-iri, nagari da na banza. Tambayoyin da ke ƙasa daga wannan darasi suka fito.

Mene ne ɗakin tsira, kuma da me ya bambanta da sauran ɗakunan gida?

Ƙaramin gini ne da ake yi a ware daga gida, na kankare ko na ƙarfe mai kauri, wani a binne shi cikin ƙasa, wani a bar shi a sarari. Aikinsa guda ne: ya riƙe ran mutanen da ke ciki na kamar sa'a ɗaya, har goshin wutar ya wuce. Ba ɗakin kwana ba ne, ba kuma wurin ajiyar tarkace ba. Dokar gini ta Ostireliya ta ware masa ajinsa na daban, kuma a Biktoriya ba a gina shi sai da takardar izini.

Wai me ke kashe mutum a gobarar daji? Ba harshen wuta ba ne?

Sau da yawa kafin harshen wutar ya iso an riga an mutu. Babban makashi shi ne hucin da wutar ke fesowa daga nesa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tanderun burodi ya san yadda fuska ke raɗaɗi alhali wuta ba ta taɓa shi ba. Injiniyoyi suna auna wannan huci da kilowat a kan kowace murabba'in mita. Ranar tsaka mai ƙuna ba ta wuce kilowat ɗaya ba. Ma'aunin gine-gine na Ostireliya mai lamba AS 3959 ya kasa haɗarin gida zuwa matakai 12.5, 19, 29 da 40, sai mataki na ƙarshe inda harshen wuta ke lasar bango kai tsaye. Tun a matakan farko gilashin taga na gama-gari yake tsagewa, fatar mutum kuwa daƙiƙu kaɗan take iya jurewa. Sa'ar da aka yi ita ce huci a miƙe yake tafiya kamar haske, don haka bango mai kauri ko tudun ƙasa yana tare shi.

Na biyu hayaƙi, da gubar da ke cikinsa wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki.

Na uku tartsatsi, wanda shi ya fi cinye gidaje. Dazukan can bishiyar turare ce ta cika su, irin wadda ake dasawa a nan arewa don tare iska. Ganyenta mai ne da shi, ɓawonta kuma yakan saɓule dogo-dogo, iska ta ɗauke shi yana ci da wuta ta yar da shi kilomitoci da dama gaba. Ya faɗa cikin indararo mai busasshen ganye ko ya kurɗa ta ƙarƙashin rufi, sai gida ya kama daga ciki. A Baƙar Asabar mutum 113 a cikin gidaje suka rasu, da yawa a banɗaki, inda suka fake kusa da ruwa suna ganin nan ne mafita. Ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, ba a ganin waje, ba su san rufin da ke kansu ya kama ba sai da hanya ta toshe. Wannan ne abin da ya fi sosa min rai a duk labarin.

To ba sai mutum ya haƙa rami ya rufe shi da kwano ba?

Ramin ɓuya tsohon abu ne a can. A gobarar 13 ga Janairu, 1939, wadda ta kashe mutum 71 a Biktoriya, ma'aikatan injinan tsaga katako da ke tsakiyar daji sun tsira a ramukan da aka haƙa a jikin tudu, suna rataya jiƙaƙƙun barguna a bakin ramin suna karɓa-karɓa wajen riƙe su. Amma wasu a cikin ramin suka mutu, musamman inda ramin ya yi ƙanƙanta ko katakon da aka tokare shi da shi ya kama. A 2009 ma haka aka gani: wasu sun fita da rai daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da suka gina da hannunsu, wasu kuma a nan aka tsinci gawarsu.

Abu biyu nake so a kiyaya. Ɗakin da ke ƙarƙashin gidan kansa tarko ne, domin idan gidan ya ci wuta kansa zai rufta, ya danne ƙofa, ya tura hayaƙi ciki. Sai kwantena ta jirgin ruwa da wasu ke binnewa don arha. Ƙarfinta a kusurwoyi yake, inda ake ɗora wata kan wata. Gefenta da rufinta falle ne, nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana lotsa su, tsatsa kuma ta ƙarasa aikin. Idan aka bar ta a sarari kuwa, ƙarfen ya ɗau zafi ta zama tanda.

Waɗanne ƙa'idoji ne aka gindaya?

Hukumar tsara dokokin gini ta Ostireliya ta fitar da ma'auni a 2010, kuma kowace lamba a ciki akwai dalilinta.

Nisa tukuna. Ɗakin ya yi aƙalla mita 6 daga gida, kada zafin gidan da ke ci ko ɓaraguzansa su same shi, amma tafiyar kada ta wuce mita 20. Ka ƙaddara tsakar rana ce amma gari ya yi duhu kamar dare, iska tana ruri, tartsatsi yana zuba a wuyanka, kana riƙe da hannun tsohuwa da yaro a kafaɗa. A wannan hali mita 20 tafiya ce mai nisa. Shi ya sa ake son hanyar ta zama mai faɗin mita ɗaya, wadda ba ta cin wuta, babu matattakalar katako, babu tarin itace ko tukunyar gas ko mota a gefenta.

Sai lokaci: minti 60. An yi lissafin minti goma kafin wutar ta iso, goma tana kai, goma bayan ta wuce, sannan aka ƙara talatin saboda tsaro. Cikin wannan sa'a zafin iskar ɗakin kada ya haura digiri 45, bangon da jiki zai iya taɓawa kada ya haura 70. Kowane mutum ana ware masa fili murabba'in mita 0.75 da sararin iska kubik mita 1.2. Iyali mai mutum shida ke nan suna buƙatar murabba'in mita 4.5, wato ɗan ƙaramin shago.

Ƙofa ita ce zuciyar aikin. Dole ta rufe ruf hayaƙi bai shiga ba, ta ƙi lanƙwashewa da zafi, mariƙinta ya taɓu bayan wuta ta wuce, kuma ta buɗu daga ciki da waje. Ana so ta ba wa daji baya. Ana kuma sa 'yar taga mai gilashin da ke jure wuta, don na ciki ya leƙa ya ga ko lokacin fita ya yi, ba sai ya buɗe ƙofa ya gwada ba.

Idan an toshe ko'ina, me za a shaƙa?

Iskar da aka rufe ɗakin da ita. Akwai kafofin iska da ake bari a buɗe kafin wuta ta iso, a rufe su idan ta matso, a sake buɗewa bayan ta wuce. Daga nan za a gane dalilin rubuta adadin mutane a jikin ƙofa. Duk wanda aka ƙara, numfashinsa da zafin jikinsa daga rabon sauran ake cirewa. Maƙwabci zai iya bugo ƙofa a ranar, kare ma yana numfashi, saboda haka tun a wurin zane ya kamata mai gida ya yi lissafi da zuciya ɗaya, ya ƙara wuri. Kyandir, fitilar kananzir da sigari ba su da hurumi a ciki. Masu ciwon zuciya, masu asma, tsofaffi da jarirai kuwa, sa'a ɗaya a zafin digiri 45 na iya fin ƙarfinsu ko da ginin bai gaza ba.

Me ake ajiyewa a ciki?

Ruwan sha, tocila, rediyo mai batir, akwatin taimakon gaggawa, maganin da wani ke sha kullum, bargunan ulu, safar hannu ta fata da takalma masu kauri, don ƙasa za ta kasance garwashi a lokacin fita. Tufafi na auduga ko ulu, masu rufe jiki. Na roba narkewa yake ya manne da fata. Kafin kowace bazara a gwada ƙofa, a duba robar bakinta, a share ciyawar kewaye.

Wanda ya gina ɗakin, ya huta da gudu ke nan?

A'a, kuma hukumomin kashe gobara na can ba sa ɓoye wannan: mafakar ƙarshe ce, ta wanda hanya ta rufe masa. Bayan 2009 an ƙara mataki mafi tsanani a ma'aunin haɗarin gobara, wanda idan aka ayyana shi shawara ita ce a bar yankin tun da dare kafin ranar ko da sassafe. Tsorona da ɗakin tsira shi ne ya sa mai shi ya yi sake. A Baƙar Asabar da yamma iska ta juya daga kudu maso yamma, doguwar gefen wutar ta koma goshinta, garuruwa irin su Marysville da Kinglake suka shiga ciki cikin ɗan lokaci. Fita a makare ita ce mafi muni, domin hayaƙi ya rufe titi, bishiyoyi sun faɗo, mota kuma ba ta tare huci yadda bango ke yi.

Ɗaki ɗaya zai iya maganin guguwa da ambaliya duka?

Da wuya, don kowane bala'i da inda yake kamo mutum. A Amurka, inda guguwa mai juyawa ke addabar jihohi irin su Oklahoma, ana gina ɗakin da zai jure iska mai gudun kusan kilomita 400 a sa'a. Gwajinsa shi ne a harba katako mai nauyin kusan kilo 7 a gudun kilomita 160 a sa'a a jikin bango da ƙofa, a ga ko zai huda. Wannan ɗaki yana iya zama a tsakiyar gida, kafofin iskarsa kuma a buɗe suke, abu biyun da ba a yarda da su a ɗakin gobara.

Ruwa kuwa akasin duka ne: sama ake gudu. A 2021 ragowar guguwar Ida ta kashe mutum 11 a gidajen ƙarƙashin ƙasa a birnin New York. Wanda ya ga Maiduguri a Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya san bene da tudu ne suka yi rana. Bangladesh, wadda guguwar teku ta kashe mata mutum aƙalla 300,000 a 1970, ta gina dubban mafaka na kankare a kan dogayen ginshiƙai, ruwa ya bi ta ƙasa ya wuce, mutane suna sama. Da yawansu makarantun firamare ne a sauran ranakun shekara, don haka kowane yaro a ƙauyen ya san hanyar zuwa can.