Laburaren Da Ya Kai Littafi Har Ƙofar Manomi: Tambayoyi Da Amsoshi

Me ake nufi da laburaren gunduma?

A Amurka an kasa jihohi gunduma-gunduma, kusan kamar ƙananan hukumomi. Laburaren gunduma hukuma ce guda da ke kula da karatun duk mazauna yankin, na birni da na karkara, da babban reshe a hedikwata da ƙananan rassa a garuruwa. Kuɗin tafiyar da shi galibi daga harajin jama'a yake fitowa, saboda haka mazaunin gunduma ba ya biyan ko sisi kafin a ba shi aron littafi. Misalin da ya fi burge ni shi ne na gundumar Washington a jihar Maryland, mai hedikwata a Hagerstown. Kada a rikita ta da birnin Washington, fadar gwamnati.

Yaushe aka kafa wannan laburaren?

An buɗe shi a shekarar 1901, bayan wani attajiri, B. F. Newcomer, ya ba da gudummawa mai tsoka. Yana cikin laburarorin gunduma na farko-farko a ƙasar. Wadda aka fara damƙa wa ragamarsa ita ce Mary Lemist Titcomb, wadda ta yi aikin laburare a jihar Vermont kafin nan.

Tunda an gina shi a birni, yaya mutanen ƙauye suka amfana?

Wannan ce tambayar da ta hana Titcomb sakat. Manomin da ke bayan dutse ba zai bar gona ya yi wuni a hanya don littafi guda ba. Sai ta fara sa littattafai a akwatuna ana ajiyewa a kantunan ƙauye da gidajen waya. Mutum ya zo sayen gishiri ko karɓar wasiƙa, ya ɗauki littafi ya tafi da shi gida. Bayan wani lokaci a mayar da akwatin a kawo wani. Cikin 'yan shekaru wuraren ajiyar suka kai 66.

Duk da haka akwai gidajen da ko kantin ma ya yi musu nisa. A 1905 ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci a gefe da gefe, yana ɗaukar littattafai kusan 200, dawakai biyu na jansa. Shi ake ɗauka a matsayin laburaren tafi-da-gidanka na farko a Amurka.

Wa ke tuƙa shi?

Joshua Thomas, mai share laburaren da kula da gininsa. A ganina hikimar Titcomb a nan take. Ba ta ɗauko wani mai takardun shaida daga birni ba. Ta zaɓi ɗan ƙasa wanda ya san lungu da saƙo, mutane kuma sun san shi. Da ɗan gari akan ci gari. Manomin da zai ji nauyin karɓar littafi daga hannun baƙo, ba zai ji komai ba idan Thomas ne ya tsaya a ƙofar gidansa, suka gaisa, ya buɗe marfin kanta ya ce a duba.

Da farko ma an sami tangarɗa. Keken baƙi ne wuluk, sai wasu suka zaci na ɗaukar gawa ne, suna hana shi tsayawa. Dole aka shafa masa jan fenti, sannan hankali ya kwanta.

Ina keken ya ƙare?

A 1910 jirgin ƙasa mai dakon kaya ya buge shi a mararraba, ya yi kaca-kaca. Allah ya kiyaye, Thomas da dawakan suka tsira. A 1912 aka maye gurbinsa da mota, kuma har yau gundumar tana da motar littattafai.

Yanzu wane aiki laburaren yake yi?

Bayan babban reshen Hagerstown, akwai rassa a garuruwa irin su Boonsboro, Hancock, Sharpsburg, Smithsburg da Williamsport. Kati ɗaya ya isa ko'ina. Idan littafin da kake nema yana wani reshe, sai ka sa a kawo maka shi reshen da ke kusa da kai. Akwai kwamfuta da intanet kyauta, abin da ke ceto mai neman aiki da ba shi da su a gida. Ana tara yara ƙanana a karanta musu labari, ana kuma aron littattafai ta waya ba sai an je ba. A babban reshen akwai ɗaki na musamman da aka keɓe wa tarihin yammacin Maryland, inda mutane ke zuwa bin diddigin asalin kakanninsu a tsofaffin jaridu da taswirori.